Ƙwanƙwasa a Kwarin Dolmok

Sai da Byongho ya yi kwana arba'in a ƙasa sannan labarin rasuwarsa ya iske ƙanwarsa. Mai unguwar Dolmok ne ya bugo waya shagonta na sayar da taliya da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Jecheon, ana tsakiyar cinikin rana, ya tambaya ko ita ce Tak Gyongja. Ya ce sun sha wahalar nemanta, don marigayin bai bar ko takarda ɗaya mai ɗauke da sunan ɗan'uwa ba. Sun riga sun yi masa sutura. Abin da ya rage shi ne ginin da ya bari a kan dutse. Hukumar gunduma tana so ta gyara hanya ta buɗe wurin ga masu ziyara, amma filin da sunansa yake, kuma ita kaɗai ce magajiyarsa, sai ta zo ta gani ta buga hatiminta.

Gyongja ta ce to, ta ajiye wayar, ta koma bakin tukunya. Ba ta ankara ba sai da mijinta ya nuna mata ta zuba wa mutum ɗaya kwano biyu.

Shekara ashirin da ɗaya rabonta da yayan nata. Lokacin da innarsu ke kwance ciwon ajali, sau uku ta aika masa, sau uku yana aiko da amsa ɗaya: ba zai iya barin wurin ba ko na yini guda. Bai zo jinya ba, bai zo jana'iza ba, shi da yake babban ɗa namiji. Mijinta ne ya tsaya a matsayinsa yana karɓar gaisuwa, dangi suna ta kallon juna. Tun daga ranar ta cire shi daga bakinta. Abin da ta sani kawai shi ne bayan ruftawar ramin ma'adinin da yake aiki a ciki, shekara talatin da uku da suka wuce, ya hau dutse ya kama jera duwatsu, matarsa ta yi haƙuri har ta gaji ta tafi, mutane kuma suka ce kansa ya taɓu.

Ranar Litinin da ba sa buɗe shago suka kama hanya. Mijinta, Maeng Chunsik, tsohon direban tasi ne, kuma ritaya ba ta rage masa surutu ba. Tun daga gida yake lissafa mata abin da za su yi: su duba, ta buga hatimi, su tsaya a kasuwar hanya su sayi ɗanyar masara da dankali, su dawo kafin magariba. Ita dai kallon taga take yi. Tsakiyar damina ce, zafi mai ɗanko, kwaruruka sun yi kore shar. Da suka shiga Dolmok ta kasa gane garin da aka haife ta. Dogayen gidajen ma'aikata duk sun zama kangaye, kabewa ta hau rufinsu, makarantarsu ta firamare kuma an mayar da ita ɗakin ajiyar taki.

Mai unguwa ya ce gwiwarsa ba za ta iya hawan ba, ya haɗa su da wata tsohuwa, Om Sunnye, wadda ya ce ta fi kowa sanin wurin. Ta haura tamanin, bayanta ya ranƙwafa, tana riƙe da sanda da wata 'yar jaka. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon Gyongja.

"Goshinku ɗaya," in ji ta. "Ku taho, rana tana yi. Ba na son mu makara."

Chunsik ya tambaye ta makara ga me, tunda duwatsu ba guduwa za su yi ba. Ta shige gaba, kuma duk da ranƙwafawarta sai da ta bar su a baya suna haki.

Bayan sun tsallake wani rafi hasumiyoyin suka fara. Duwatsu ne aka ɗora wani kan wani, babu siminti babu laka, faɗi a ƙasa, tsini a sama, wasu iya ƙugu, wasu sun fi mutum biyu tsawo. Suna tsaye hagu da dama har hanyar ta zama lungu. Gyongja ta fara ƙirgawa, da ta kai sittin ta bari. Abin da ya dame ta shi ne kowace hasumiya ta ɗan karkata, kuma duk gefe ɗaya suka karkata, wajen sama, kamar mutanen da suka miƙa kunne suna sauraron wani abu. Chunsik ya ce ƙasar ce take zamewa. Ya faɗa da ƙarfi, sannan ya rage murya ba tare da kowa ya ce ya rage ba.

A ƙarshen lungun ginin ya bayyana. Zagayayye ne, rufinsa kamar kifaffen kwano, ƙofarsa gajera. Rana na dukansa yana walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kai. Babu tazarar yatsa a jikin bangon da ba a dasa dutse ba: wasu farare tas kamar ƙanƙara masu tsini kamar haƙora, wasu shunayya, wasu kore kamar tsohuwar tagulla, wasu baƙaƙe masu sheƙin kwalli, wasu kuma 'yan murabba'ai masu ruwan zinariya. Tsohuwar ta ce duk daga tarin ɓaraguzan da kamfani ya zubar ya tsinto su, ya hau da su a bayansa, ya wanke kowanne a rafi da buroshin haƙori kafin ya dasa. Gyongja ta taɓa bangon. Duk da zafin ranar, dutsen sanyi ƙalau.

Suka cire takalma suka sunkuya suka shiga. Ciki sanyi ne irin na rijiya, har gumin bayanta ya koma kamar ƙanƙara. Haske na shigowa ta wasu 'yan ramuka a rufi. A bangon da ke fuskantar ƙofa ga hoton Tsohon Dutse, abin bautar da ake cewa shi ke tsare duwatsun yankin, zaune da farin gemunsa da damisarsa a gefe, duka da tsakuwa aka yi su, idanun damisar wasu jajayen duwatsu biyu. A gabansa akwai kanta, an jera hulunan kwano shida na 'yan haƙa da matattun fitilunsu, kowace da ƙaramin kwano a gabanta. Tsohuwar ta ciro kwalbar farar giyar shinkafa da busasshen kifi daga jakarta, ta zuba a kwanukan, ta kunna turare, ta rusuna. Gyongja da mijinta suka rusuna su ma.

Sai a lokacin Gyongja ta lura da abin da ke tsakiyar ɗakin. Wani tsohon bututun ƙarfe ne, kaurin cinyar mutum, ya fito daga ƙasa har iya gwiwa, an kewaye shi da fararen duwatsu. Daga bakinsa sanyin yake fitowa. Gefensa akwai matashin zama da ya lotse, da guduma wadda ƙotarta ta siɗe ta yi siriri a inda hannu ke kamawa.

Tsohuwar ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ce tunda da sauran lokaci bari ta gaya mata abin da yayanta bai gaya wa kowa a danginsu ba.

Mutum shida ramin ya rufe da su, ta ce, cikinsu har da mijinta, Ham Yongdal. Wannan bututun na iska ne, ya sauka har inda suke. Kwana takwas ana haƙa, kullum da tsakar rana, lokacin canjin aiki, sukan buga bututun sau uku daga ƙasa, a amsa musu daga sama, mata su koma gida da ɗan ƙarfin zuciya. A rana ta tara rufin ya sake zubowa ya kashe biyu daga cikin masu ceto. Shugaban aiki ya ce a je a saurara, in da sauran masu rai a ci gaba, in babu a dakata. Byongho aka tura, don kowa ya san kunnensa, shi ne mai jin kukan katakon da ke tokare rufin rami tun kafin ya karye. Ya hau nan shi kaɗai, ya yi awa guda, ya sauko ya ce bai ji komai ba. Aka tsayar da haƙa, aka toshe hanyar.

"Bayan shekara biyar ya zo gidana," in ji tsohuwar. "Ina tsakar gida ina wanke kabeji a bahon ruwan gishiri. Ya durƙusa a cikin ruwan ya ce, Iya, na ji su. Suna bugawa. Ƙarya na yi."

Ya ce mata masu ceto goma sha biyu ne za su sauka a zubi na gaba, kuma ya ji da kunnensa yadda rufin ke ƙara, ya san ba za su fito ba. Ya auna goma sha biyu da shida, ya zaɓa. Ita kuwa ta ɗauki bahon ruwan gishirin ta juye masa a ka. Shekara bakwai ba ta ko kalli inda yake ba. Ran nan baƙin ciki ya taso mata, ta hau dutsen musamman don ta zage shi, ta iske shi zaune a nan, ginin bai ko kai rabi ba. Ya ɗaga mata hannu ya ce ta dakata tukuna. Ta dakata, ta kuma ji abin da yake ji.

Tun daga ranar da ya yi ƙaryar, ta ce, bugun bai fasa zuwa da tsakar rana ba ko sau ɗaya, shi ma bai fasa amsawa ba. Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu. A kwana biyun nan bugun bai tsaya ba, har a famfunan gidajen da ke ƙasan dutsen ana jinsa, karnukan garin suka shige ƙarƙashin dandamali suka ƙi fitowa. Da rarrafe ya zo ya amsa.

Gyongja tana lissafin shekarar da innarsu ta rasu, tana kallon lotsewar matashin.

Chunsik ya yi gyaran murya ya ce, ba don ya musa wa babba ba, amma shi ya yi shekara talatin yana hulɗa da ƙarfe. Ƙarfe in ya sha rana yakan miƙe ya yi ƙara, ga kuma ruwa da ke ɗiga a ƙasa. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce haka wani malami da ya zo daga jami'a ya faɗa, kuma mutumin kirki ne, har ya bar mata lemar ruwansa. Sai dai tun kafin tsakar rana ya tafi, bai tsaya cin abincin rana ba.

A waje gyare na ta kuka kamar ana saran ƙarfe, hayaƙin turaren yana miƙewa sama. Gyongja ta ga hayaƙin ya karya ya kwanta wajen ƙofa, sanyin da ke fitowa daga bututun ya ƙaru, sannan ta ji. Bugu uku, a hankali, da tazara tsakaninsu, daga can ƙasa mai nisa. Ba ta kunne kaɗai ta ji shi ba, har ta ƙashin zamanta ya ratso. Aka ɗan yi shiru, aka sake uku.

Tsohuwar ta ce tun rasuwar Byongho ita ke hawowa, amma yau kafaɗarta ta ƙi. Ta tura wa Gyongja gudumar da ƙafa. Gyongja ta kalli mijinta, ta ga idonsa a kan bututun yake, bakinsa a ɗan buɗe. Ta ɗauka. Hannunta ya zauna daidai cikin siɗewar ƙotar. Ta buga sau uku, ƙarar ta cika ɗakin ta gangara ƙasa, suka bi ta da kunne har ta ɓace. Ba a sake bugowa ba.

"Shi ke nan na yau," in ji tsohuwar, ta fara tattara kwalbarta.

Har sun miƙe sai wani bugun ya zo. Wannan ba irin na farko ba ne. Mara nauyi ne, kuma kusa, kamar da gaɓar yatsa ake yi daga ɗan ƙasa da bakin bututun: biyu da sauri, sannan ɗaya. Ya tsaya, ya sake. Tsohuwar ba ta juyo ba. Ta ce wannan sabo ne, washegarin binne Byongho ya fara, ba ta san na wane ne ba, don haka ba ta amsa shi. Yakan yi ta yi har rana ta karkata sannan ya bari.

Gyongja ta san na wane ne. A gidan ma'aikata da suka tashi, allon katako ne ya raba inda take kwana da inda yayanta yake kwana. Duk ranar da babansu ya dawo a buge ya kama fashe-fashen kwanuka, Byongho yakan ƙwanƙwasa allon haka, biyu da sauri sannan ɗaya, ma'ana kina lafiya? Ita kuma ta amsa da guda ɗaya. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta, ita kanta ta yi shekara arba'in ba ta tuna ba.

Ta tambayi tsohuwar inda aka binne shi. Ta ce can a ɗaya gefen kwarin, kusa da gonar mai unguwa, tafiyar awa guda daga nan.

Tsoro ne ya fara kama ta, amma fushi ya biyo baya ya danne shi. Ta ajiye gudumar, ta sa takalmanta, ta fice. Suka gangaro ta cikin lungun hasumiyoyin, ƙwanƙwasar tana bin su a baya, siririya, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, har sai da ƙarar rafi ta rufe ta. A bakin gari tsohuwar ta yi musu sallama, ta ce su gaida gida.

Suka shiga mota. Chunsik ya sa makulli amma bai tayar ba. Ya daɗe yana goge gilashin idonsa da gefen riga.

"Kin san wannan ƙwanƙwasar," ya ce. "Na ga fuskarki."

"Tayar da mota, Baban Jinu."

"Ni dai har yanzu na ce ƙarfe ne. Amma in kika tafi haka ba za ki yi barci ba, ni ma ba za ki bar ni in yi ba. Je ki dawo, ina nan."

Ta zauna kamar ba za ta motsa ba. Can ta buɗe ƙofa.

Hawa na biyu ya fi na farko wuya, rigarta ta jiƙe sharkaf. Tana tsallake rafin ta sake jin abin, yana nan yadda suka bar shi. Ta shiga ɗakin ita kaɗai, ta zauna a kan matashin, Tsohon Dutse da damisarsa suna kallonta. Turaren ya cinye. Ta sunkuya har sanyin bututun yana taɓa leɓenta.

"Yaya," ta ce, "kwana uku Inna tana kiran sunanka. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta ce Byongho ne? Ni ce nake ce mata kana hanya. Har ta cika ina ce mata kana hanya."

Ƙwanƙwasar ta tsaya. Gyongja ta ci gaba da magana cikin bututun, abin da ta tara na shekara ashirin da ɗaya. Ta gaya masa yadda ta yi jinyar ita kaɗai tana fama da shago, da abin da dangi suka faɗa a wurin makoki, da yadda ɗanta Jinu ya yi aure ba tare da ya san yana da kawu ba. Ta ce da ya gaya mata gaskiya da ta zo ta zauna masa a nan yini ɗaya ya je ya ga uwarsa, yini ɗaya tak, amma ya zaɓi ya ɗauki kayansa shi kaɗai kamar ba shi da kowa. Ta zage shi da zagin da suke yi suna yara. Ta yi kuka har majina, ta share da bayan hannu.

Da ta yi shiru, ɗakin ya yi tsit na tsawon lokaci. Sannan a hankali aka sake: biyu da sauri, ɗaya.

Ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwasa ƙarfen sau ɗaya da gaɓar yatsa. Ta jira. Sanyin ya ci gaba da fitowa, gyare na kuka a waje, ba a sake bugowa ba. Ta zauna har ƙafarta ta yi sanyi, sannan ta gyara zaman gudumar ta fito.

Bayan sati biyu ma'aikacin gunduma ya kawo mata takardu har shago. Da ta karanta ta ga cikin gyaran da za a yi har da toshe bututun da kankare, saboda kada yaran masu ziyara su jefa abu ko su ji ciwo. Ta ce ba za ta buga hatimi ba sai an cire wannan layin. Ya yi murmushi ya tambayi dalili, ta ce iska ce ke shiga ta nan. Aka yi ta kai da kawowa wata biyu, daga ƙarshe aka yarda a sa masa murfin raga kawai.

Masu ziyara suna zuwa yanzu, galibi Asabar da Lahadi, su ɗauki hoto a jikin bangon su ɗora 'yar tsakuwa a kan hasumiya su yi roƙo. Mai unguwa yakan sa a rufe ƙofar ɗakin daga sha ɗaya da rabi zuwa ɗaya, ya ce lokacin shara ne. Mutanen garin da suka rage, su goma sha wani abu, sun raba kwanakin mako a tsakaninsu ba tare da an yi taro a kai ba, Iya Om kuma ta huta da hawa. Litinin ta Gyongja ce. Chunsik ne ke kai ta, yana mitar kuɗin mai tun daga Jecheon, kuma bai sake hawa dutsen ba, a mota yake jira da rediyonsa.

Bugu ukun yana zuwa a kan lokacinsa, ta amsa, ya tsaya. Ƙaramar ƙwanƙwasar kuwa ba ta sake dawowa ba. Ta tambayi masu sauran kwanakin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai ji ba. Ba ta iya cewa ko daɗi ta ji ko akasin haka. Wasu Litinin ɗin takan ajiye gudumar ta ci gaba da zama a cikin sanyin, rabin awa ko fiye, har sai ta jiyo mijinta yana danna ham daga ƙasan kwarin, sannan ta tashi ta nemi takalmanta.